Satar Dutsen Gwani Sebald

Ranar Lahadi da hantsi, mutanen Layin Masu Agogon Rana suna dawowa daga coci, aka ji Gwani Sebald Hupfer ya kurma ihu. Ko ranar da aka binne ɗansa bai yi irinsa ba. Dutsensa ne ya ɓata.

A birnin Nurenbag ba a cewa "dutse kawai" a gaban mai yin agogo. Agogon Sebald ɗan ƙarami ne na hauren giwa, ana buɗe shi kamar littafi, zare ya miƙe, inuwar zaren ta faɗa maka sa'a. Amma sai an fuskantar da shi arewa, allurar da ke cikinsa kuwa ba ta san arewa ba sai an goga ta a jikin dutsen mayen ƙarfe. Na Sebald tun na kakansa ne, baƙi wuluk, bai fi dunƙulen hannu ba. Cikin jan ƙyalle yake kwana, ana zuba masa garin ƙarfe wai ya ci, a gidan kuma Tsoho ake kiransa. Tafarnuwa ba ta ƙetare dokin ƙofar, don kowane gwani ya gada daga ubansa cewa warinta yana kashe ƙarfin dutse.

Kafin ka ce me, tsakar gidan ya cika. Kowa da irin tausayinsa, kowa da irin takalminsa. Gwani Melchior Zapf, wanda shi ne shugaban gwanayen layin a wannan shekara, ya ɗaga murya ya ce, "To wa ya rage a gida? Ina Jobst?"

Jobst ma'aikacin Sebald ne, baƙo daga ƙauyukan gabas, shekara goma sha tara yana cin abinci a teburin gidan. Saura mako biyu ya gabatar da aikin gwajinsa ya zama gwani shi ma. Bai je coci ba a ranar, kuma wani ya ce ya gan shi a ƙofar gari yana ƙus-ƙus da wani mai keken doki ɗan birnin Augsbag. Shi ke nan, ba a nemi ƙari ba. Dokar sana'ar ta hana ko guduma ta fita daga birni, balle dutse. Gwanaye uku suka kai ƙara, Melchior na gaba, Sebald na cikinsu yana share hawaye, kafin la'asar Jobst yana ramin da ke ƙarƙashin gidan hukuma. Abin kunya, a layin nan gaba ɗaya ba a samu mutum ɗaya da ya ce a dakata ba.

*

Washegari Uwargida Walburga, matar Sebald, ta taka da ƙafarta har bakin daji wurin Endres Kolb. Shi ne mai gadin dajin, kuma an san shi da bin sawu. In ɓarawon barewa ya ratsa da safe, da yamma Endres zai ƙwanƙwasa masa ƙofa.

"Ranar Laraba in an buga ƙararrawar tsakar rana za su sa masa ƙarfen matse yatsa don ya amsa laifi," in ji ta. "Ka san abin da hakan ke nufi ga mai zane a hauren giwa. Ko sun sake shi daga baya, sun gama da shi."

"Kin tabbata ba shi ba ne, Uwargida?"

"Mutumin da in ya tsinci allura a ƙasa sai ya zagaya gida yana neman mai ita? Mijina ne baƙin ciki ya rufe wa ido, sauran kuma suka zuga shi."

Da Endres ya ga tsakar gidan sai da ransa ya ɓaci. Ƙanƙara ta narke a makon, ƙasa ta yi laushi, da ko kyanwa ce ta wuce da an karanta sawunta. Amma masu jaje sun dame wurin ya koma kamar inda aladu suka yi birgima.

"Mutum nawa kuka bari suka shigo nan?"

"Ai layin ne gaba ɗaya."

"Madalla da layi."

Ya durƙusa ya yi ta rarrafe, har ya kai ƙofar baya mai fita lungu. A nan, gindin bango inda ba wanda ya taka, ya sami sawu biyu, na shiga da na fita. Takalmin fata ne mai faɗin baki, irin na magidantan birni, kuma mai shi yana da jiki. Bai yi sauri ba. Akwai wani katako a bakin ƙofar da ke yin ƙara in an taka shi, mutumin ya tsallake shi shiga da fita.

A shago ya tarar da Sebald zaune gaban akwatin da babu komai, ga agoguna goma sha biyu a jere, duk an gama zanensu, allurarsu na jiran dutse.

"Gwani, ban da dutsen me aka ɗauka?"

"Me kuma ya rage a duniya?"

"Tambayarka nake yi."

Sebald ya duba a kasalance. "Ƙyallensa. Da gwangwanin garin ƙarfe."

"Abincinsa ke nan?"

"Abincinsa."

"To wanda zai miƙa dutse ga mai keken doki, me zai yi da abincin dutse? A Augsbag babu maƙera ne? Wannan ɓarawon ba sayarwa zai yi ba, kiwo zai yi."

Sebald bai ko ɗago ba. "Shekara goma sha tara," ya ce, "na koya masa yadda ake raba sa'o'i, na koya masa zaren agogon birnin Benis daban, na birnin Danzig daban. Da hannuna na nuna masa."

Endres ya fita kafin bakinsa ya suɓuce wa dattijo.

*

A ramin, mai gadi ya ba shi ɗan lokaci. Jobst na zaune a kan ciyawa, ƙafarsa cikin takalmin katako, siriri kamar sandar rake. Hannuwansa na cikin hammata saboda sanyi.

"Me ya kai ka ƙofar gari?"

"Wasiƙa na aika wa tsohuwata. Mai keken yana bi ta kusa da ƙauyenmu. Na rubuta mata cewa saura mako biyu ɗanta ya zama gwani." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Yanzu wasiƙar tana hanya."

"Ka kulle ƙofar baya?"

"Sakata kawai. Duk layin sun san yadda ake ɗaga ta da wuƙa."

"Wa ke shigowa ta baya?"

"Masu kawo allura. Wanda ba shi da dutse, ko nasa ya yi sanyi, ranar Juma'a yake zuwa a goga masa. Maigida ba ya hana kowa." Ya ɗago kai. "Yana cin abinci kuwa?"

Endres ya dube shi. Mutum yana rami, jibi za a murƙushe masa yatsu, yana tambayar ko wanda ya kai shi ƙara ya ci abinci. Takaici ya kama shi, ya juya ya fita.

*

Ranar Talata ya bi gidajen masu zuwa Juma'a. A lungun bayan gidan Gwani Lorenz Staud ya ga garin ƙarfe a zube, ga kuma jan ƙyalle a kan igiyar shanya. Lorenz ƙato ne, takalminsa mai faɗin baki. Endres ya ce a ransa an zo wurin.

Lorenz bai bari ya gama tambaya ba. Ya shiga ya fito da wani dutse ya dangwarar a gabansa, ya kawo ƙusa ɗaya, dutsen ya kama ta da ƙyar ya saki.

"Ga nawa nan. Garin ƙarfen da ka gani tsohon abincinsa ne na canza masa, ko zai farfaɗo. Ranar Lahadi kuwa a sahun gaba na zauna, ni na ja waƙa, tambayi duk wanda muryata ta dama. Ka koma dajinka, mai bin kashin barewa."

An tambaya, haka ne. Rabin yini ya tafi a banza.

Gwani Melchior a bakin ƙofa ya tarbe shi, da fara'a kamar an yi masa bushara. Shi ma yana da jiki, shi ma takalminsa mai faɗin baki, kamar na rabin mazan birnin.

"Endres! Da na ce ka shigo, amma mata na wanke ɗaki. Abin tausayi, wallahi. Ni fa na daɗe ina cewa baƙo baƙo ne."

"Kai ma kana zuwa Juma'a?"

"Shekara ashirin. Ni ban gaji dutse ba, kowa ya sani. Sebald mutumin kirki ne, sai dai tsirfa. Sai na wanke hannu sau uku da toka, na kurkure baki, sannan in tsaya daga bakin ƙofa in miƙa allurata kamar mai kuturta, wai ina warin tafarnuwa." Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba.

"Ranar Lahadi fa?"

"Ina coci. Daga baya na tsaya, kusa da ƙofa, saboda tarin da ke damuna."

Daga baya kusa da ƙofa ba wanda zai rantse ya gan ka, ba kuma wanda zai rantse bai gan ka ba. Endres ya koma gida da sawu biyu a kansa da mutum biyar da takalminsu zai shiga ciki. Da wannan ba a fitar da kowa daga rami.

*

Laraba da sassafe ya ratsa ta kasuwa, ba don komai ba sai don ƙafarsa ta ƙi zama. Matan ƙauyukan arewa sun baza albasa da kabeji. Inna Gertraud mai tafarnuwa ta hango shi.

"Sarkin daji! Yau fuskarka kamar an ƙwace maka barewa. Zo ka saya, ka rage mini kaya, tunda masu birni sun fara yi mini wulaƙanci."

"Wa ya isa, Inna?"

"Gidan Melchior mana! Tun auren matarsa nake kai musu kitso biyu na tafarnuwa duk Litinin. Mutumin nan ko a miyar madara sai ya sa. Shekaranjiya na je, ya fito da kansa yana kaɗa ni kamar akuya, wai kada in ƙara taka masa ƙofa. Ina juyawa na ga an kawo ruwan zafi da toka ana wanke inda na tsaya. Ni! Kuma 'yar aikinsu ta ce mini har naman da suka rataya a hayaƙi ya sa an kwashe an bayar, don da tafarnuwa aka cusa shi."

Endres ya tsaya cak. "Litinin kika ce?"

"Kurma ka zama?"

Mutumin da ba shi da dutse, me zai sa ya tsorata da tafarnuwa kwana ɗaya bayan dutse ya ɓata? Shi Endres shekara ashirin yana ajiye agogonsa a jaka ɗaya da guzurinsa mai tafarnuwa, allurar ba ta taɓa ɓata masa arewa ba. Amma ba abin da ya sani ne abin dubawa ba, abin da Melchior ya yi imani da shi ne.

"Inna, ba ni kwandon gaba ɗaya."

*

Gwanayen layin sun taru a shagon Melchior da hantsi. Abin da ya tara su shi ne a goge sunan Jobst daga cikin masu gwaji, tun kafin a tambayi mutumin komai. Sebald na nan a rakuɓe, Lorenz na nan, da wasu huɗu. Walburga na tsaye a waje, don mata ba sa shiga taron.

Endres ya banko ƙofa ya dire kwandon a tsakar ɗaki.

Nan take wuri ya hargitse. Gwanaye suka toshe hanci, suka tattare riguna suka manne da bango, kowa na tsoron ya kwashi wari ya kai wa dutsensa.

"Ka haukace ne?" in ji Lorenz. "Fitar da ƙazantar nan!"

"Me ya yi zafi? Nan gidan Gwani Melchior ne, babu dutse a ciki. Ko ba haka ba, Gwani? Na ji an ce kai da tafarnuwa kamar uwa da ɗa, shi ya sa na kawo maka tsaraba."

Melchior ya yi murmushi, goshinsa na tsattsafo da gumi. "Haka ne. Amma baƙina..."

"Baƙinka za su wanke hannu sau uku da toka."

Ya ɗebi cikin hannu ya zuba a ƙasa, ya murje da dunduniya. Warin ya tashi. Ba ƙasa yake kallo ba, idon Melchior yake kallo. A daji, in kana neman inda barewa ta ɓoye ɗanta, ba ciyawa kake bincikawa ba, uwar kake lura da ita. Ya nufi teburin aiki yana murzawa, Melchior bai motsa ba. Ya nufi matattakala, shiru. Da ya juya wajen murhu, inda wani tsohon akwatin gari yake a ƙarƙashin benci, sai idon Melchior ya riga shi isa can.

Endres ya zauna a kan bencin, ya ɓare ƙwaya uku, ya murƙushe su a tafinsa har ruwan ya fito, ya kai hannu ga murfin akwatin.

"Kada ka taɓa!" Melchior ya yi tsalle ya faɗa kan akwatin ya rungume shi. "Za ka kashe shi! Za ka kashe shi, ɗan daji!"

Endres ya janye hannunsa.

"Wa zan kashe, Gwani? Garin alkama?"

Lorenz ne ya janye Melchior ta wuyan riga. A ƙarƙashin garin ga jan ƙyalle, ga gwangwani, an ma zuba wa dutsen sabon abinci.

Melchior ya zube a ƙasa, gari ya yi masa fari fat. "Shekara ashirin, Sebald," ya ce. "Shekara ashirin ina tsaye a ƙofarka kamar maroƙi. Sannan baƙon nan da ya zo da ƙunshin tsumma zai zama gwani, ya gaji dutsen, ni kuma in koma tsayawa a ƙofarsa?"

"Don haka a murƙushe masa yatsu," in ji Endres. "Ku tashi. Ku uku kuka kai ƙara, Melchior ya fita, sai ku biyu da kuka rage, Sebald da Lorenz, ku je da bakinku ku janye. Rana ta yi sama."

Amma ina! Sebald ya riga ya ɗauki dutsen yana shafa shi yana kuka. Wani ya ce ai warin ya cika ɗakin, wa ya san ko ya taɓa shi. Aka fito da shi waje a iska. Wani ya ce a gwada. Aka ciro mabuɗai daga ɗamara, aka liƙa na farko a jikin dutsen, na biyu ya kama jikin na farko, na uku ya bi. Dattawa shida masu furfura suka yi da'ira a tsakiyar titi, sun riƙe numfashi.

"Gwani Sebald!" Endres ya nuna babban agogon da ke zane a bangon gidan da ke kallonsu. Inuwar ta kusa hawa layin tsakiya. "Akwai mutum a rami!"

"Yanzun nan, yanzun nan. Lorenz, kawo naka."

"Sebald, don girman Allah!" in ji Walburga, tana jan hannun rigarsa. Ya fizge.

Na biyar ya kama. Na shida ya faɗi, aka ce hannun mai liƙawa ne ya yi rawa, a sake daga farko. Sai ƙararrawar tsakar rana ta buga.

Endres ya zagi sana'ar gaba ɗaya, tun daga kakanninta. Ya cafki Lorenz a damtse ya ja shi kamar ɗan maraƙi, Walburga ta tattare zane ta bi su da gudu.

A gidan hukuma aka ce bakin mutum ɗaya bai isa ba. Endres ya buga tebur, Lorenz ya rantse da duk abin da ya sani, Walburga ta durƙusa. Da ƙyar aka aika ƙasa a ce a dakata.

*

Suka same shi zaune a kan matattakalar waje, rana na dukan fuskarsa, leɓɓansa sun yi fari. Hannunsa na hagu na naɗe cikin tsumma, jini ya rine shi.

Walburga ta toshe baki.

"Yatsa ɗaya suka yi," in ji Jobst a hankali. "Suna farawa da hannun da mutum yake aiki da shi, don ya yi saurin magana. Suka tambaye ni wanne ne. Na ce ni bahago ne." Ya ɗaga hannun dama, yatsun biyar lafiya lau.

"Za ka iya aiki?" in ji Endres.

"Dama ke zane, hagu ke riƙe hauren. Sai na gani."

Can sai ga Sebald yana tahowa yana haki, jan ƙyalle rungume a ƙirjinsa da hannu biyu. Fuskarsa cike da murna, har ya manta da inda yake.

"Jobst! Ɗana! An samu Tsoho, lafiyarsa ƙalau, warin bai taɓa shi ba. Mabuɗai bakwai ya ɗaga, bakwai cif!"

Sai a lokacin idonsa ya sauka kan tsumman.

Jobst ya daɗe yana kallonsa. Babu faɗa a muryarsa da ya yi magana, tambaya ce kawai.

"Tsayawa ka yi ka ƙirga su, maigida?"

Sebald ya sunkuyar da kai. Walburga ta kama Jobst ta dama, Endres ya tallafe shi ta ɗaya gefen, suka ɗaga shi. Dattijon ya matso kamar zai taimaka, amma hannuwansa biyu a cike suke, bai kuwa ajiye dutsen ba.